Mai neman gidan haya a Katsina, kada ka yi bincike irin na AltaVista

Injin bincike na farko a intanet, Archie, wani ɗalibi ne mai suna Alan Emtage ya ƙera shi a Jami'ar McGill ta Kanada a 1990. Sunayen fayil kawai yake tattarawa, bai san abin da ke ciki ba. Haka mutane da yawa suke neman gida a Katsina: da sunan unguwa. A ce maka GRA ko Layout, sai ranka ya kwanta. Alhali a unguwa guda, wani layin na kan tudu, na bayansa kuma nan ne ruwan unguwar ke taruwa. Ƙofar Kaura kaɗai ta ishe ka misali, don faɗinta ya wuce a yi mata hukunci ɗaya.

A 1994 Jerry Yang da David Filo suka fara Yahoo, jerin shafuka da mutane ke tsarawa da hannu, kowane a rukuninsa. Wannan shi ne dillali. Yana da amfani, amma abin da ya sani kaɗai zai nuna maka, kuma jerinsa na tsufa. Yadda ake latsa adireshi a tarar shafin ya mutu, haka za ka biya kuɗin mai a kai ka gidan da aka riga aka kama tun makon jiya. Ka yi magana da dillalai biyu ko uku, ka tsayar da la'ada kafin a buɗe maka ƙofa, kuma kada kuɗin haya ya fita daga hannunka sai ka ga mai gidan ko wakilinsa da idonka.

AltaVista, da ya fito a watan Disamba na 1995, ya fi su duka a lokacinsa, don yana karanta kalmomin cikin shafi. Rauninsa shi ne ya yarda da abin da shafi ya faɗa a kan kansa. Sai masu wayo suka riƙa cusa kalma ɗaya sau ɗaruruwa, farin rubutu a kan farin shafi, ido ba ya gani amma injin na ƙirgawa. "Akwai ruwa, akwai wuta, unguwa lafiya lau." Wane mai gida ne zai ce maka ba haka ba? Mai kaya ba ya kushe kayansa, kuma sabon fenti shi ne farin rubutun gidan haya.

Abin da Larry Page da Sergey Brin suka zo da shi a Google a 1998 shi ne su auna shafi da yawan shafukan da ke nuni zuwa gare shi, kuma shaidar babban shafi ta fi ta ƙarami nauyi. To ka nemi shaidu, ka kuma san nauyin kowa.

A maganar ruwa, ɗan ga-ruwa ne babban shaida. Idan ka ga kuraye sun yi layi a lungun da sassafe, famfon gidan ado ne, ko da bututun ruwan dam ɗin Ajiwa ya ratsa unguwar. Tambaye shi nawa yake sayar da kura a watan Afrilu, lokacin zafi, ba a damina ba.  Gidan da ke cin kura ɗaya a rana zai ci 30 a wata, 360 da ɗoriya a shekara. Ninka da farashin, ka ɗora a kan kuɗin haya, sannan ka san ko gidan na da araha. In an ce akwai burtsatse, a tayar da famfon a gabanka, ka ɗanɗana ruwan, ka tambayi wanda ke biyan gyara idan ya ƙone.

A maganar wuta, mai cajin waya da mai sayar da ƙanƙara sun fi kowa sanin awannin da ake samu. Duba ko mitar ta kati ce, ko ta haɗaka ce da maƙwabta, kuma a nuna maka shaidar biyan kamfanin wuta na KEDCO ta ƙarshe, don kada a ɗora maka bashin wanda ya tashi.

Damina kuwa bango ne ke ba da shaidarta. Durƙusa ka duba ƙasan katanga ta waje: idan akwai layin danshi ko farin gishiri ya fito, har siminti na marmashewa in ka sa farce, nan ruwa ke kaiwa. Ɗaga kai ka duba silin, tabo mai launin ruwan ƙasa na nufin kwano na yoyo. Dandamalin ƙofa da aka ƙara wa tsawo da bulo biyu shi ma magana yake yi. Wanda zai iya haƙuri ya je ganin gida a watan Agusta, awa ɗaya bayan an ɗauke ruwan sama, ya huta da tambayar kowa.

Abu ɗaya dai na AltaVista ya cancanci a ɗauka. A zamaninsa yana bari ka haɗa sharuɗɗa: wannan DA wancan, BAN DA kaza. Rubuta naka kafin ka fita, uku na dole, biyu na ƙi. Mai aiki a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da ke hanyar Dutsin-Ma, in ya kama gida ta wajen hanyar Daura saboda sauƙin haya, kuɗin abin hawa zai cinye rarar kafin shekara ta raba. Ka bi hanyar da ƙarfe bakwai da rabi na safe a ranar aiki ka ga minti nawa take ci, ka dawo bayan isha'i ka ga su waye ke zaune a bakin layin. Daga nan ka je ka gai da mai unguwa, ka tambaye shi abin da ya tashi mutumin da ya bar gidan.