Masu Zuwa Hutu Zanzibar da Aikin da Muke Yi Musu

Ofishina ƙarami ne, ɗaki biyu a wani bene a Wuse, ni da yaran aiki. Da tikitin Umara da na Dubai muka fara, har gobe kuma su ne ke riƙe da mu. Amma 'yan shekarun nan wata kasuwa ta buɗe: anguna da amare, da iyalai masu son kai yara hutun ƙarshen shekara, sai su miƙo waya da hoton farin yashi da shuɗin ruwa, su ce nan suke so. Galibi Zanzibar ne, jefi-jefi Maldibs.

Ni Zanzibar na fi tura mutanenmu. Tsibirin Musulmi ne na ƙasar Tanzaniya, a cikin gari kana kwance za ka ji kiran asalatu, kuma ba ka fargabar abin da za ka ci. Ga tsohon garin Stone Town da UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2000, ga gonakin kanumfari, ga gasasshen kifi a Forodhani, kasuwar dare ta bakin teku, bayan magariba.

Sai dai kafin a kai ga kifin akwai aiki. Mai fasfon Najeriya ba ya samun bizar Tanzaniya a filin jirgi, sai an tura takardu hukumar shige da fice ta can ta duba, abin kuma yana cin makonni. Shi ya sa nake ce wa ango, ranar da aka sa rana, ranar ya kawo mini fasfonsa da na amarya. Akwai katin rigakafin shawara, akwai inshorar dole ta dala 44 da gwamnatin Zanzibar ta ɗora wa baƙi tun Oktoban 2024. Daga Abuja babu jirgi kai tsaye, mukan bi da su ta Addis Ababa. Kuɗin otal da dala ake biya, don haka farashin da na faɗa yau ba na rantsuwa a kansa jibi.

Inda na fi ɓata lokaci shi ne zaɓen gaɓa, domin nan ne hoto ke yaudarar mutum. A gabas, wajen Paje da Jambiyani, teku na janyewa sau biyu a yini, ya yi nisa har ka hango mata suna aikin ciyawar ruwa a inda ɗazu igiya ke kaɗawa. Wuri ne mai kyau da natsuwa, amma mai yara da ke son wanka duk sa'ar da suka ga dama, Nungwi ko Kendwa nake kai shi, can arewa, inda ruwan ba ya gudu haka. Wanda ya ce zai je a Afrilu kuwa ina hana shi, ko da otal ya yi arha, saboda daga Maris zuwa Mayu damina ce mai ƙarfi.

Akwai kuma abin da namu ba sa faɗa sai an tambaya. Wani dattijo ya zauna muna ta lissafi, uwargidansa na gefe ba ta ce uffan ba. Na ce, "Hajiya, ke kina son shiga ruwan kuwa?" Ta yi murmushi ta ce, "Ina so mana, amma a gaban maza?" Nan take muka sauya otal, muka kama ɗaki mai ɗan tafkinsa a cikin katanga. Ya fi tsada, Alhaji bai ko yi ciniki ba. Irin wannan ba ya cikin tallan intanet. Haka nan mukan rubuta wa otal tun kafin baƙonmu ya sauka, a kwashe giyar da ke cikin firijin ɗaki, a ajiye darduma.

Yanzu da nake rubutun nan masu Disamba sun fara kira. Wanda ya bari sai Nuwamba, ko bizar ta fito, ɗakunan Nungwi masu katanga sun ƙare.