Tarihin Rayuwar Nana Asma'u, Kashi na Biyar: Malfar Jaji

A makon jiya mun tsaya a rasuwar yayanta, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a Wurno cikin 1837. A wannan tsakanin ne aikin da aka fi sanin Asma'u da shi ya kafu, wato 'Yan Taru, tsarin kai wa matan ƙauyuka karatun addini.

Matsalar da ke gabanta a fili take. Daula ta yi faɗi, ƙauyuka cike da mata, da yawansu an zo da su ne bayan yaƙe-yaƙe, kuma bori suka tashi suka sani. Ita kuwa tana Sakkwato, gidan mijinta Waziri Giɗaɗo ɗan Laima. Malama ɗaya ba za ta zaga ƙauyuka ba, matan aure kuma ba za su bar miji da goyo su yi tafiyar kwanaki ba.

Sai ta raba aikin. A kowane gari akan zaɓi dattijuwa mai hankali da riƙon amana, wadda mata ke jin maganarta, a naɗa ta jaji. Jaji ce ke jagorantar ayari a ƙafa zuwa wurin Asma'u, kuma ba kowa ke shiga ayarin ba, sai 'yan mata da ba su yi aure ba da dattijai mata da suka daina haihuwa. Su za su ɗauko karatu su kai wa matan da ke cikin gida. Duk shugaban makarantar da ya taɓa kiran taron iyaye ranar kasuwa ya tarar da kujeru wayam zai gane hikimar nan: ta fara duba wanda zai iya zuwa kafin ta tsara abin da za a koyar.

Darasin kansa a waƙe yake, da Hausa da Fulfulde: tauhidi, tsarki, salla, tarihin Manzon Allah (SAW), kyawawan ɗabi'u. Har sunayen surorin Alƙur'ani 114 ta jera a gajeriyar waƙa. Dalili kuwa, takarda tsada gare ta, kuma abin da aka ɗauka da ka yana saurin gurɓata idan ya bi bakuna da yawa. Kari da amsa-amo su ne makari, don da zarar kalma ta faɗi baitin zai yi ɗingishi, mai saurare ta ji. Dawowar da jaji ke yi lokaci-lokaci kuma dama ce ta gyara abin da ya karkace a hanya.

Sai batun malfa, wanda a ganina nan gwanintarta ta fi fitowa. Malfa alama ce ta Innar Gobir, uwar 'yan bori. Asma'u ba ta hana ta ba. Ta ɗora wa jaji ita, ta naɗe da jan rawani. Matar ƙauye ta riga ta san mai malfa shugaba ce, saboda haka jaji ba ta buƙatar dogon bayani kafin a saurare ta.

Ayarin kan zo da sadaka, irin su hatsi, zuma, zare da tufa, Asma'u kuma ta rarraba wa mabuƙata.

Ta rasu a 1864, aka binne ta a Hubbare kusa da mahaifinta Shehu Usmanu. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ga yadda ƙanwarta Maryam ta karɓi ragamar 'Yan Taru.