Agogon da ke ƙirjinta

A shekarata ta farko a ɗakin haƙori hankalina duk yana kan hannu: yadda zan soka allurar kashe zafi, yadda zan girgiza haƙori ya fito bai karye ba. Tambayoyin da ke jikin kati kuwa hadda nake musu, in wuce.

Ranar wata Laraba aka kawo wata budurwa, ba za ta wuce shekara 19 ba, kunci a kumbure, mahaifiyarta na riƙe da ita. Na sunkuya zan duba bakin sai na ji ƙas, ƙas, ƙas, kamar agogon hannu. Na kalli hannunta, babu agogo.

Na ce, "Mama, an taɓa yi mata aikin zuciya?"

"An yi, likita. Ƙarfe aka sa mata. Amma ai haƙori muka kawo."

Ciwon maƙogwaro ne tun tana ƙarama, aka yi ta jiƙe-jiƙe har ya wuce, daga baya ya dawo ta gaɓoɓi, ya lalata mata bawul ɗin zuciya, wato ƙofar da ke buɗewa da rufewa jini ya wuce. Irin wannan ba baƙon abu ba ne a asibitocinmu na Arewa. Abin da ya tayar min da hankali shi ne kwana uku ke nan ta daina shan warfarin, maganin tsinka jini, domin wani mai kemis ya ce kada jini ya ɓalle wajen cire haƙori. Mai bawul na ƙarfe in ya ajiye maganin nan, jini na iya daskarewa a kan ƙarfen, gudan ya tafi ƙwaƙwalwa, ɓarin jiki ya shanye. Jinin dasashi kuwa da ɗinki da auduga a cije muna tsayar da shi.

Na ajiye kayan aiki na kira babbarmu. Ta tura su wurin likitan zuciya a ranar, aka gyara maganin. Sai da gwajin INR, mai auna tsinkewar jini, ya nuna jinin ya daidaita muka sa rana. Da ta dawo, aka ba ta amoxicillin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, giram 2, muka jira kusan awa guda, sannan na cire.

Dalilin wannan maganin shi ne ƙwayoyin cutar da ke zaune a baki. In dasashi ya fashe suna shiga jini, kuma bawul na ƙarfe ko wanda ya taɓa kamuwa wurin maƙalewa ne a gare su. Ciwon da ke biyo baya zazzaɓi ne mai naci, a yi ta shan maganin maleriya a banza, alhali jinyarsa makonni ne ana allura ta jijiya. Tun 2007 ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta taƙaita bayar da irin wannan magani kafin aikin haƙori ga masu haɗari mafi girma, domin an fahimci dasashin da ke jini kullum wajen tauna da goge baki shi ma ƙofa ce a buɗe.

Shi ya sa na fi daɗewa da ita a kan buroshi mai laushi da makilin safe da dare fiye da yadda na daɗe a kan cirewar. Asuwaki ma na ce ta ci gaba, amma a hankali, kada ta kurje dasashi.

Bayan wata shida ta dawo wankin haƙori ita kaɗai. Kafin in buɗe baki ta miƙo min katin INR ɗinta, ta ce, "Likita, ga shi, ban tsallake ko kwana ɗaya ba."