Kwana Uku da Mafarautan New Mexico, Suna Gardama Kan Hukumarsu

Na sauka a Albuquerque, a jihar New Mexico ta Amurka, a watan Fabrairun 2025 domin in duba ɗan ƙanwata da ke karatu a can, kuma niyyata ba ta wuce in yi mako biyu in koma Bauchi ba. Ashe yaron ya riga ya gaya wa maƙwabcinsa, wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin jirgin ƙasa, cewa kakana shi ne Sarkin Bakan ƙauyenmu. Dattijon yana jin haka ya ce lalle sai na bi su daji, domin Fabrairu lokacin farautar ragon dutse ne, kuma shi ya yi sa'a sunansa ya fito a ƙuri'ar izini. Da na ji an ambaci ragon dutse sai na ɗauka yaron ne ya yi kuskuren fassara, domin ni a sanina wannan dabba ta duwatsun Azbin ce da sauran tsaunukan Sahara. Ya ce mini, "Kawu, shi ne dai wanda ka sani."

Mun tashi da asuba a motar dattijon, muka bi babbar hanya mai lamba 25 zuwa kudu, kogin Rio Grande yana gefenmu, har muka wuce Socorro bayan tafiyar kilomita kusan 120. A ƙauyen San Antonio muka karya gabas, muka kama hanyar Carrizozo wadda ta ratsa ta arewacin filin gwajin makamai na White Sands, inda aka fara tayar da bam ɗin nukiliya a 1945. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, busasshiya, mai gajerun itatuwa, wadda in ba don sanyi ba da sai mutum ya ce ya wuce Tanut ya nufi Agadas. Muna cikin tafiya dattijon ya taka birki ya miƙo mini madubin hangen nesa. Dabbobi biyar ne tsaye bayan shingen waya, fuskarsu da zanen baƙi da fari kamar an shafa musu alli da gawayi, ƙahonsu dogaye miƙaƙƙu kamar mashi. 'Yan uwan mariri ne daga hamadar Kalahari. Hukumar farauta ta jihar ce ta sako su a nan tsakanin 1969 da 1977, ba su kai ɗari ba a lokacin, yanzu kuwa ana lissafinsu da dubbai. Ragon dutse ya riga su zuwa, tun wajen 1950. Dattijon ya ce duk wanda yake son ya gane wannan hukuma ya fara daga nan, domin an gina ta ne don ta samar wa mafarauci abin harbi, har ta kai ga ɗauko dabba daga wata nahiya.

Da la'asar muka isa sansaninsu a gindin wasu duwatsu gabas da Carrizozo, muka tarar da mutum biyu sun riga mu. Ɗaya matashi ne mai yi wa baƙi jagora a daji, wanda iyayensa ke da gonar kiwon shanu. Ɗayar kuma malamar makaranta ce da ta gaji farauta wajen mahaifinta. Sun karɓe ni hannu bibbiyu, suka dafa mini wake da koren barkono a tukunya dabam da suka ji ba na cin naman da suka zo da shi. Sanyin wurin ba irin na hunturunmu ba ne. Kafin asuba ruwan da ke cikin butata ya daskare, sai da malamar ta ɗora mini shi a wuta na samu na yi alwala.

Tun a daren farko gardamar ta ɓarke, kuma ba ta mutu ba har muka watse. A lokacin majalisar dokokin jihar tana zama a Santa Fe, babban birnin jihar, a gabanta kuma akwai ƙudiri mai lamba 5 na majalisar dattawa, wanda ke neman sake fasalin hukumar. Yadda suka warware mini tsarin wancan lokacin shi ne, akwai ma'aikatar farauta da kamun kifi mai ma'aikata da masana, a samanta kuma akwai kwamitin da aka kafa tun 1921, mai mutum bakwai a lokacin, wanda ke yanke lokacin farauta da adadin dabbobin da za a harba. Gwamna ne ke naɗa mutum bakwai ɗin, kuma a aikace yana iya sallamar kowanne daga cikinsu duk ranar da ya ga dama. Ƙudirin yana son a kafa wani kwamitin tantancewa da zai riƙa miƙa wa gwamna sunaye, a keɓe kujeru ga manomi ko makiyayi, da mafarauci, da masanin kimiyya, da mai fafutukar kare muhalli, a ɗaure hannun gwamna wajen tsigewa, a ƙara kuɗin lasisi da ya yi kusan shekara 20 ba a taɓa ba, sannan a sauya sunan ma'aikatar ta koma ta namun daji baki ɗaya.

Dattijon yana goyon bayan ƙudirin da dukan zuciyarsa, kuma hujjarsa ruwa ce. Ya ce an daɗe ana rikici a jihar kan ko talaka mai fatsa yana da ikon ya taka cikin rafin da ya ratsa gonar wani attajiri. 'Yan kwamitin biyu da suka karkata ga ɓangaren jama'a, Joanna Prukop wadda ta shugabanci kwamitin da Jeremy Vesbach, duk sun rasa kujerunsu a zamanin Gwamna Michelle Lujan Grisham, ta farkon a ƙarshen 2019, na biyun a farkon 2022. Bayan haka kotun ƙolin jihar ta yanke hukunci a watan Maris na 2022 cewa jama'a suna da wannan iko. A fahimtarsa, mutumin da ya san wayar tarho ɗaya za ta raba shi da kujerarsa ba zai taɓa faɗin abin da ke ransa ba, ko da ilminsa ya kai ina. Ya kuma tuna mana cewa a 2023 majalisa ta zartar da irin wannan gyara, gwamna ta bar shi a kan tebur bai zama doka ba.

Matashin bai musa komai daga cikin wannan ba, amma ya ce dattijon yana kallon ƙofar gaba ne alhali ɓarawo ta baya zai shigo. Abin da ke damunsa shi ne sauya sunan da faɗaɗa aikin. Ya ce kuɗin da ma'aikatar ke gudana da su daga aljihun mafarauta da masunta suke fitowa, wato kuɗin lasisi da kason jihar daga harajin tarayya na dokar Pittman-Robertson ta 1937, wadda ta ɗora kashi 11 cikin 100 a kan bindigogin farauta da harsashi. In aka ce ma'aikatar ta kula da jemage da ƙudan zuma da kwaɗi, da kuɗin wa za a yi? Ya kawo misalin jihar Washington, inda kwamitinsu ya soke farautar beyar ta bayan sanyi a 2022, da Colorado inda ƙuri'ar mutanen birni ta sa aka dawo da kerkeci bayan zaɓen 2020, da ita kanta New Mexico inda aka haramta ɗana tarko a filayen gwamnati da dokar 2021. Muryarsa ta yi rawa da ya zo kan shanun mahaifinsa, kuma ban ga alamar yana faɗa don cin gardama ba ne.

Malamar ce ta fi ba ni abin tunani, domin ita ta ce su biyun duk sun bar jaki suna dukan taiki. A ganinta ainihin maganar ita ce wane ne ke samun izinin harbin babbar barewar nan da suke kira elk, wadda girmanta ya kai na gwanki ko ya fi. Doka ta raba izinin ƙuri'a kashi uku: 84 cikin 100 ga 'yan jiha, 10 ga masu farauta ta hannun kamfanonin jagora, 6 ga baƙi. Sai dai akwai wani babban kaso da ba ya shiga ƙuri'ar sam, wanda ake ba masu manyan gonaki, su kuma su sayar wa duk wanda ya fi biya. Ta ce ita takan yi shekaru tana neman ƙuri'a ba ta samu ba, ga mai kuɗi daga wata jiha yana zuwa duk kaka. Matashin ya amsa cewa barewar a gonarsu take shan ruwa, ita ke karya musu shinge, saboda haka kason nan diyya ce ba kyauta ba. Ta ce ba ta ƙi diyya ba, amma tana son wanda zai yanke girman diyyar ya zama mutum da ba ya tsoron mai gona kuma ba ya tsoron gwamna. A nan maganarta ta haɗu da ta dattijon, ko da yake ba ta hanyarsa ta biyo ba.

Ni dai na fi karkata gare su su biyun. Tsoron matashin yana da tushe, kuma bai kamata a ƙara wa ma'aikata aiki a bar mafarauci shi kaɗai da biyan kuɗi ba, amma kwamitin da gwamna ke iya rusawa da safe ba zai kare shi ba ranar da aka samu gwamnan da ba ya son farauta. Ina zaune a bakin wutar sai Yankari ta faɗo mini. An keɓe ta a 1956, ta koma hannun gwamnatin tarayya a 1991, ta dawo hannun jihar Bauchi a 2006, kuma na lura cewa a duk hirar da muka sha yi a gida kan wannan daji, giwaye muke ambata da ruwan ɗumin Wikki, ba mu cika tambayar wa ke naɗa masu riƙe da shi da wa ke iya cire su ba. Waɗannan mutane uku kuwa sun san sunayen 'yan kwamitinsu ɗaya bayan ɗaya.

A rana ta biyu da hantsi dattijon ya samu ragonsa, bayan mun yi awa uku muna hawan dutse. Gemunsa ya sauko tun daga maƙogwaro har ƙafafun gaba, ƙahonsa ya lanƙwashe baya, kamar yadda kakana ya sha kwatanta mana. Kafin kowa ya zaro wuƙa sai da dattijon ya ciro takardar izininsa daga aljihu, ya yi mata alamar rana da wata, ya ɗaura ta a jikin dabbar, alhali babu wani jami'i ko a nesa. Matashin da suka kwana suna sa-in-sa shi ne ya ɗauki kaya mafi nauyi a bayansa har gindin dutsen.

Da muka dawo na hau jirgin ƙasa na Rail Runner zuwa Santa Fe don in ga majalisar da idona. Gini ne mai da'ira, shi ya sa suke kiransa zagayayyen gida, kuma 'yan majalisarsu ba su da albashi sai alawus na zama. A barandar na ga masu hulunan kaboyi da masu rigunan ƙungiyoyin kare tsuntsaye suna jiran layi ɗaya domin su shiga ɗakin sauraron ra'ayi.

Ina Bauchi a watan Maris ɗan ƙanwata ya kira ni ya ce ƙudirin ya wuce, gwamna ta rattaba hannu, amma ta soke sashen da ya shafi tsige 'yan kwamiti. Sunan zai sauya, kuɗin lasisi zai ƙaru, kwamitin tantancewa zai kafu, sashen da dattijon ya fi ƙwallafa rai a kansa kuwa shi ne bai tsira ba. Na tambaye shi yadda dattijon ya ɗauki abin. Ya ce, "Kawu, ya yi kwana biyu ba ya son magana, daga baya ya cike takardar ƙuri'ar bana, ya kuma ce in gaya maka yana neman lambar ɗan majalisar mazaɓarsu kafin zama mai zuwa."