Daga gajeren zango zuwa hoton ƙashi, igiya ɗaya ce

Idan gidan rediyo ya ce a kama shi a kan mita 31, tsawon zangon igiyar da ke ɗauke da muryar yake faɗa, wato tazarar da ke tsakanin tudun igiyar ɗaya da na gaba. Wannan igiya jinsinta ɗaya da hasken da ido ke gani, da wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi. Dukkansu kaɗawar ƙarfin lantarki da na maganaɗisu ne, kamar yadda masanin kimiyya Maxwell ya nuna a lissafi a 1865, wani masanin, Hertz, kuma ya tabbatar a 1887. Ba sa buƙatar iska ko ruwa kafin su yi tafiya, kuma a sararin da babu komai gudunsu ɗaya ne, kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa.

Abin da ya raba su shi ne tsawon zango da yawan kaɗawa a daƙiƙa. In ɗaya ya ƙaru, ɗayan ya ragu, domin idan ka ninka su dole su ba ka gudun haske. Tashar FM da ke kan megahaz 100 tana kaɗawa sau miliyan 100 a daƙiƙa. Raba mita miliyan 300 da wannan adadi, ka samu mita 3. Shi ya sa eriyar da ta dace da ita, wadda akan yanka rubu'in zango, takan kai santimita 75.

Rabon ido a nan ɗan kaɗan ne ƙwarai, daga kusan nanomita 400, wato shunayya, zuwa 700, wato ja. Nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita, kuma a nan ɗalibai suka fi tuntuɓe: su sa 500 a lissafi ba su mayar da shi mita ba, amsa ta kauce sau biliyan. Wani kuskuren shi ne zaton yawan kaɗawa na sauyawa idan haske ya shiga ruwa. Ba ya sauyawa. Gudun ne ke sauka zuwa kusan kilomita 225,000 a daƙiƙa, zangon ya gajarce, hasken ya karkata, sai ka ga sanda kamar ta karye a cikin ruwa.

Gaba da ja akwai infirared, hasken da ido ba ya gani, wanda masanin taurari Herschel ya gano a 1800, kuma da shi rimot ke aiki. Nuna bakin rimot ga kyamarar waya ka danna, za ka ga ƙyallin da idonka bai gani ba. In bai fito ba, gwada kyamarar gaba, don wasu na baya suna tace shi.

Abin da na fi so a riƙe shi ne batun illa. Haske na zuwa ne ƙwaya-ƙwaya, kuma ƙarfin kowace ƙwaya na bin yawan kaɗawa, ba yawan hasken ba. Igiyar rediyo da ta wayar hannu, in sun yi yawa, ɗumama jiki suke yi, amma ƙwayarsu ba ta iya tsinka sinadaran ƙwayoyin halitta. Daga ultrabayolet, hasken da ke gaba da shunayya, lamarin ke canzawa, don shi ke ƙona fata, ya lalata idon mai walda da ya ajiye gilashinsa. Eksire, wato hasken ɗaukar hoton ƙashi, da hasken gama, wanda ya fi shi yawan kaɗawa, kuwa ratsa nama suke yi, shi ya sa mai ɗaukar hoton ƙashi ke fakewa bayan katangar dalma kafin ya danna na'ura.