Abin da hidimar maƙwabta ke koya wa ikilisiya a Legas

Rabon shinkafa shi ne ɓangare mafi sauƙi a aikin jinƙai na ikilisiya, shi ya sa kowa ke farawa da shi. Amma duk wanda ya zauna a kwamitin taimako na wata majami'ar Hausa a Agege, Idi-Araba, Obalende ko Mile 12 ya san cewa abin da ke durƙusar da mutum a Legas abu uku ne: wurin kwana, kuɗin asibiti, da gawa idan za a kai ta gida. Ukun nan ba sa sallama kafin su shigo, ba sa kuma jiran baikon Lahadi, wato kuɗin da ake tarawa a sujada. Ikilisiyar da ba ta tsara ƙa'ida tun kafin su zo ba, sai ta yanke shawara cikin ruɗani, wanda ya fi kusa da fasto ya samu, wanda ya fi kunya ya rasa.

A fara da asusu. Kuɗin taimako ba ya zama jaka ɗaya da kuɗin gini ko na man janareta, domin ranar da rufi ya fara yoyo, kuɗin marayu ne zai tafi sayen kwano. A ware shi, a sa mutum uku masu sa hannu, biyu su isa a cire, kuma ɗaya daga cikinsu ta zama daga Zumuntar Mata. Dalili a fili yake: mata ne suka san gidan da aka kwana biyu ba a ɗora tukunya ba, dattawa sukan ji labari bayan mako. A kuma ajiye wani ɗan kaso a hannun ma'aji wanda zai iya fitarwa da dare ba tare da taro ba, ya kawo rasit daga baya. Wannan matsala tsohuwa ce. A Littafi Mai Tsarki, Ayyukan Manzanni sura 6, gunaguni ya tashi ne a kan rabon abinci na kullum, ana tsallake wasu gwauraye, aka zaɓi mutum bakwai su riƙe aikin. A majami'ar da ta haɗa mutanen Filato, Kudancin Kaduna, Adamawa da Borno, irin wannan gunaguni yana bin layin ƙabila, don haka kada kwamitin ya fito daga yare ɗaya.

Ma'aunin Legas ba mudu ba ne, derika ce, wato babban gwangwanin tumatir da ake awo da shi, da robar fenti. Buhun shinkafa mai kilo 50 yakan ba da derika sittin da 'yan kai, wato gida goma sha biyu idan kowa ya sami biyar. Jarkar mai mai lita 25 tana cika kwalba 33 ta santilita 75. Da wannan lissafi kwamiti zai san gida nawa zai iya ɗauka kafin ya yi sanarwa, maimakon a tara mutum ɗari a bakin ƙofa alhali kayan na talatin ne. A ƙulla kayan tun ranar Asabar, kowane ƙulli da sunan gida. Kada a sayi na wata uku lokaci ɗaya don ana ganin rangwame a kasuwar Mile 12. Danshin Legas ba irin na Jos ba ne: garin masara yakan yi fumfuna, wake ya yi ƙwari cikin makonni. Idan dole a ajiye wake, a zuba shi a jarka busasshiya a cika ta har wuya a toshe, ko a buhun nan mai leda biyu a ciki, a ɗora a kan katako nesa da bango, musamman a Yuni da Yuli lokacin da ruwa ke shiga ɗakuna.

Yawancin maƙwabtan majami'ar Hausa a Legas ba 'yan majami'ar ba ne. Musulmi ne 'yan uwanmu na Arewa, masu gadi, 'yan dako, masu ruwa, sai Yarbawa masu unguwa. A nan ake gane ko hidima ce ko talla. Ɗanyen abinci ya fi dafaffe, domin mutum ya dafa a tukunyarsa hankali kwance. Idan da nama, a saye shi wurin mahautan da kowa ya yarda da yankansu, kamar na mayankar Oko-Oba, a kuma faɗa wa masu karɓa. Kada a sa sharaɗin zama a ji wa'azi kafin a karɓa, kada a cusa takarda cikin ƙullin. Mai yunwa zai zauna ya ji, amma zai tashi da sanin an saye shi, kuma unguwa za ta ji. Kafin a fara, a je a gai da mai unguwa da shugabannin Hausawan wurin da liman, a gaya musu abin da za a yi. Su ne za su nuna tsohuwar da ba ta iya fitowa. Hoto kuwa, ni dai ban ga dalilinsa ba. Wanda ya ba da kuɗi yana son shaida, a nuna masa littafin lissafi, kada a saka fuskar uwar wani a Facebook tana riƙe da leda.

Saukar baƙo ya fi komai wuya. Yaro ya sauko daga tirela da asuba, a hannunsa lambar wani ɗan garinsu da ba ta shiga, sai ya nemi inda ake waƙa da Hausa. Korarsa ba hali ba ne, amma ba shi tabarma a majami'a ba tare da tambaya ba shi ma kuskure ne. A rubuta sunansa, garinsu, sunan wanda ya san shi a gida, a kira a tabbatar a ranar. A gaya masa tun daren farko cewa masauki na mako biyu ne, ana iya ƙara ɗaya. Idan ba a faɗi wa'adi ba, ɗakin baƙi yakan zama gidan mutum ɗaya shekara guda, na bayansa ya kwana ƙarƙashin gada. Mace ba ta kwana a harabar majami'a, wata uwa a Zumuntar Mata ce ke ɗaukarta. Yarinya ƙarama da aka kawo aikatau ta gudo, wannan ba a ɓoye ta, ba a kuma mayar da ita ga wanda ya kawo ta. A nemo iyayenta, a sanar da hukuma, domin akwai NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane, da aka kafa saboda irin wannan.

Bayan masauki sai aiki. Tun da aka hana acaba a manyan sassan Legas a 2020, aka sake tsananta hanin a 2022, samari da yawa sun koma gadi, kamfanonin gadi kuwa suna neman mai tsaya wa mutum. Sa hannu a takardar tsaya wa mutum ba gaisuwa ba ce: idan kaya suka ɓace, mai sa hannun ake nema. Kada hatimin ikilisiya ya hau takardar wanda ba a yi wata shida da sani ba, kuma a gaya wa yaron dalili a fuskarsa.

Kuɗin haya da na asibiti ba a ba da su a hannu. Ba don ana zargin mai buƙata ba, sai don mutumin da ke da matsala biyar zai kashe kuɗin a kan wadda ta fi matsa masa a ranar. A biya mai gida kai tsaye, rasit ya fito da sunan ɗan haya, a kuma tuna cewa sabon ɗaki a Legas yana zuwa da kuɗin dillali, na yarjejeniya da na ajiya a kan hayar shekara. Sau da yawa cike gibin tsohon ɗaki ya fi araha nesa. A asibiti a biya a wurin karɓar kuɗi, a sayi magani da takardar likita. A ajiye sunayen matasa masu ba da jini da rukunin jininsu da ranar da kowa ya bayar, tunda namiji sai ya huta wata uku. Tsofaffi da masu ciki a yi musu rajistar Ilera Eko, inshorar lafiya ta jihar, tun suna ƙalau.

A kuma bambanta kyauta da rance da baki, a fili. Wanda aka ba rancen da ba zai iya biya ba yakan daina zuwa sujada don kunya, a rasa kuɗin a rasa mutumin.

Maganar gawa ita ce ba a so a yi, ita ce kuma ke cinye asusu a kwana uku: kuɗin ɗakin ajiye gawa da ke ƙaruwa kullum, takardar shaidar mutuwa, akwati, motar da za ta kwana a hanya zuwa Langtang ko Mubi. Ikilisiya ta rubuta tun yanzu iyakar abin da za ta ɗauka, a karanta a taron membobi, dattawa kuma su iya zama da dangi su ce binnewa a Legas ba abin kunya ba ne, abin da ya rage a biya wa yaran kuɗin makaranta na zango mai zuwa.