Kafin ka goge Windows saboda gem

Tun da Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025 nake yawan jin maganar Linux, wato tsarin tafiyar da kwamfuta da ake sawa a madadin Windows, a bakin ƙannenmu na Kano, musamman masu laftof na hannu irin wanda ake saya a Beirut Road, tunda da yawansu ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Wani ya ce Linux kyauta ne, wani ya ce ya fi sauri, wani kuma ya ce yanzu babu gem ɗin da ba ya bugawa. Biyun farko ba ni da ja a kansu. Na ukun ne ya taɓa jefa ni rami.

Akwai gaskiya a ciki. A 2018 kamfanin Valve, mai manhajar Steam da ake sayen gem a cikinta, ya fito da Proton, wanda aka gina a kan wani tsohon aiki mai suna Wine. Aikinsa shi ne ya tsaya tsakanin gem ɗin da aka rubuta don Windows da kwamfutar Linux, yana mai da umarnin zana hoto na Windows, wato DirectX, zuwa Vulkan da Linux ke ganewa, gem ɗin ya yi ta tafiya bai san ya bar gida ba. Dubban gem suna aiki ta wannan hanya, har manya irin su Elden Ring. Dota 2 da Counter-Strike 2 kuwa ba su ma buƙatarsa, da ma can akwai na Linux.

To amma mu a garin nan me muke bugawa? Ƙwallo. Shiga kowane gidan gem daga Zoo Road zuwa Kurna ka gani. Ni na goge Windows ɗina ƙaf, na sa Linux, na kwana ina sauke FIFA 23, gari ya waye na danna, ko motsi bai yi ba. Na canja Proton, na bi duk dabarar da na samu a intanet, shiru. Ashe matsalar ba ta gyaruwa daga wajena. Daga FIFA 23 ne EA, kamfanin da ke yin gem ɗin, ta sa manhajar hana maguɗi da ke shiga can cikin zuciyar Windows, wurin da Proton ba ya kaiwa, kuma haka abin ya ci gaba a EA Sports FC. Valorant ma haka, Fortnite ma haka, da sababbin Call of Duty. Wani ma yana aiki yau, gobe ya daina: a Oktoban 2024 Apex Legends ya rufe wa masu Linux ƙofa, wata guda kafin nan kuma ɓangaren intanet na GTA V ya daina karɓarsu bayan an sa masa manhajar hana maguɗi ta BattlEye.

Saboda haka, ƙanena, rubuta sunan gem biyu ko uku da kake bugawa da gaske, ba waɗanda kake burin bugawa wata rana ba, ka shiga shafin intanet na ProtonDB ka duba kowanne. Masu bugawa ne da kansu ke kai rahoto a can, ana ba gem matsayi daga Platinum zuwa Borked, wato wanda ba ya tashi sam. Kada ka tsaya a kan matsayin, karanta rahotannin baya-bayan nan, ka nemi mai irin injinka. Aikin minti goma ne, da na yi shi da ban rasa hotunan bikin yayata ba, waɗanda suka tafi tare da Windows ɗin.

Sai kuma injin kansa. Linux yana farfaɗo da tsohon laftof wajen rubutu da shiga intanet, amma ba ya ƙara masa ƙarfin hoto. Proton na yanzu yana dogara da Vulkan, tsofaffin katin hoto na Intel HD kuwa wasu ba su da shi, wasu rabi-rabi. Mai AMD ya fi samun sauƙi, domin direbansa yana zuwa a cikin tsarin, mai NVIDIA kuma sai ya sa nasa daban. Sa Linux Mint a filas ka tayar da shi daga nan ka gwada sauti da Wi-Fi ba tare da ka taɓa komai ba. In ya yi maka, raba hadis ɗin kwamfutar biyu, ka bar Windows a gefe saboda ƙwallo.

Steam Deck, ƙaramin injin gem na riƙewa a hannu da Valve ta yi, shi ne abin da ya fi ɗaukar hankalin yara yanzu, kuma ya cancanta. Ya fito a Fabrairun 2022, yana tafiya da SteamOS, wanda shi ma Linux ne da aka gina a kan Arch, don haka gem ɗin nan da na ce sun ƙi Linux ba zai buga maka su ba sai ka sa masa Windows. Takwaransa ROG Ally na ASUS da Windows yake zuwa, ya fi dacewa da wanda ƙwallo ce kaɗai damuwarsa, ko da yake Deck ya fi daɗin riƙo da sauƙin ajiyewa a ci gaba daga inda aka tsaya. Valve ba ta sayar da shi kai tsaye a Najeriya, duk wanda ka gani wani ne ya shigo da shi, garanti kuma sai abin da kuka yi da mai shago. Kunna shi a gabansa, ka juya sandunan biyu, ka danna kowane maɓalli, ka kasa kunne ga fanka.

Na hannun da na saya mai 64GB ne, saboda arha, ina cewa ai memori zan sa. Abin da ban lissafa ba shi ne ko gem yana kan memori, fayilolin da Proton ke ƙirƙira da na shirya hoto a cikin injin suke taruwa, sai ka wayi gari ya cika. Ana iya canja masa SSD, ƙaramin nan mai lamba 2230. In za a buɗe bayansa, a fara zare memorin. In aka manta, murfin ne zai karya shi gida biyu. Memorin ma a kula, na jabu sun yi yawa, za a rubuta 512GB ya fara cinye fayil tun bai kai ko'ina ba.

Data ita ce kuɗin da ba a faɗa maka ranar ciniki. Babban gem ɗaya yana haura 50GB, wasu sun wuce 100GB, ga sabuntawa da ke zuwa ba sallama. Shiga saiti ka hana shi sabunta gem sai lokacin da za ka buɗe shi, ka kuma buɗe kowane gem sau ɗaya da intanet kafin ka koma bugawa babu ita. Sayayya a Steam ba da naira ba ce, amma in gem ya ƙi aiki ana mayar da kuɗi matuƙar ba a wuce kwana 14 ba kuma ba ka buga awa 2 ba.

Ga zafin Kano. Valve ta ce injin ya fi aiki daidai tsakanin digiri 0 zuwa 35, mu kuwa a Afrilu muna haura 40. Kada ka ɗora shi a kan katifa ka toshe masa hanyar iska, kada ka bar shi a mota. Danna maɓallin nan mai ɗigo uku ka tsayar da hoton a 30 ko 40 a daƙiƙa, zafi zai ragu, batir ya ƙara daɗewa, wanda a samfurin Deck na farko awa 2 zuwa 8 ne gwargwadon nauyin gem. Cajarsa mai wat 45 ce, don haka in za ka sayi fawa-bank saboda ɗaukewar wuta, duba ka ga yana ba da wat 45 ɗin ta USB-C, domin na waya ba zai riƙe shi ba kana bugawa.